Daga Wasiƙun Oldenburg Zuwa Taron Vancouver: Yadda Maƙalar Kimiyya Ta Sami Siffarta

Ranar 6 ga Maris 1665 aka fara sayar da wata 'yar mujalla mai shafi 16 a birnin Landan. Sunanta Philosophical Transactions, kuma har gobe tana fitowa. Wanda ya buɗe fitowar farko zai tarar da labarin wani sabon gilashin hangen nesa da ake ƙerawa a birnin Rum na Italiya, da wani tabo da Robert Hooke ya hango a jikin tauraron Mushtari, da bayanin wani ɗan maraƙi mai naƙasasshiyar halitta da mahauci ya ciro daga cikin saniya, da yadda ake farautar manyan kifayen teku a wajajen tsibirin Bamuda, sai kuma ta'aziyyar Fermat, masanin lissafin nan na Faransa. Babu tsakure, babu jerin manazarta, babu kanun da ya raba hanyar bincike da sakamakonsa. Yawancin labaran ma ba masu binciken ne suka rubuta su ba. Edita ne ya tsinto su daga wasiƙun da ake aiko masa, ya sake zuba su da bakinsa.

Ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Yamai da ya ɗauki maƙalar kimiyya ta yau, wani abu daban zai gani. Take a sama, sunayen marubuta da jami'o'insu, tsakuren da sau da yawa bai wuce kalma 250 ba, gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa, godiya, manazarta. Mujallar ilmin ƙasa ce ko ta likitanci, daga Japan ta fito ko daga Birazil, ƙashin bayan ɗaya ne. Da yawa suna ɗaukar wannan tsari a matsayin fitinar editoci kawai. Amma wanda ya bi sawun kowace gaɓa zai iske rigima ce ta haife ta, kuma rigimar kusan kullum a kan abu guda take: gani ya kori ji, to ta yaya mutumin da bai shiga ɗakin gwaji ba, bai ma san mai binciken ba, zai yarda da abin da aka ce an gano?

Editan nan na farko, Henry Oldenburg, Bajamushe ne ɗan garin Bremen, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society. Yana jin harsuna da dama, yana musayar wasiƙu da masana ko'ina a Turai. Wata biyu kafin mujallarsa, Denis de Sallo ya fara fitar da Journal des Sçavans a Faransa, sai dai waccan ta fi karkata ga bitar sababbin littattafai. Oldenburg da kuɗin aljihunsa ya riƙa buga tasa, yana sa ran riba, ribar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. A 1667, lokacin da Ingila ke yaƙi da Holan, yawan wasiƙunsa da ƙasashen waje ya sa aka zarge shi da leƙen asiri, aka tsare shi na 'yan makonni a kurkukun hasumiyar Landan. Ya fito ya ci gaba da aikinsa, ya fitar da mujallar sau 136 kafin rasuwarsa a 1677.

Matsalar farko da ya warware ita ce ta wa ya riga wa. Masanan wancan zamani suna tsoron sata ƙwarai, har suka ƙirƙiro wata dabara: mutum ya rubuta abin da ya gano a jimla guda ta Latin, ya hargitsa haruffanta, ya buga hargitsin. Idan wani ya zo daga baya yana da'awa, sai ya warware haruffan ya ce ga shaidata. Haka Galileo ya yi a 1610 da ya ga wani abu maƙale a gefen tauraron Zuhal. Kepler ya sha wahalar warware haruffan, ya fito da wata jimla daban, ya ɗauka Galileo cewa yake tauraron Mirrihi yana da wata biyu. Hooke ma ya ɓoye dokarsa ta miƙewar ƙarfe mai tsalle a hargitsattsun haruffa a 1676, bai bayyana ta ba sai 1678. Ilmin da aka kulle haka ba ya amfanar kowa. Oldenburg ya shawo kan masana da alkawarin cewa za a rubuta sunan mai bincike da ranar da saƙonsa ya iso, a buga kowa ya gani. 'Yan ƙananan kalmomin da ake sa wa a ƙasan shafin farko na maƙala a yau, ranar da aka karɓa da ranar da aka amince, jikokin wannan alkawari ne.

Sashen hanyar bincike kuwa, tushensa yana wajen Robert Boyle. A littafinsa na 1660 kan gwaje-gwajen da ya yi da famfon zuƙe iska, Boyle ya riƙa bayani dalla-dalla har ya gundiri mai karatu: yadda aka liƙe bakin tulun gilashi, inda iska ta yi yoyo, abin da ya sami tsuntsun da aka sa ciki, waɗanda suke tsaye suna kallo. Gwajin da ya ci tura ma yakan rubuta shi. Famfon yana da tsada, kaɗan ne a duk Turai suke da irinsa, saboda haka Boyle ya so mai karatu ya zama kamar shi ma yana cikin shaidu, mai hali kuma ya iya ƙera nasa ya gwada. A 1667 Thomas Sprat ya rubuta tarihin ƙungiyar, ya bayyana cewa membobinta sun ƙudurta guje wa ƙawata zance, sun fifita irin maganar masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa a kan ta masu fasahar baki. Bushewar harshen maƙalar kimiyya, wadda ɗaliban adabi ke kuka da ita, da gangan aka zaɓe ta tun ranar.

Duk da haka, labari ake bayarwa. A Fabrairun 1672 mujallar ta buga wasiƙar wani matashin malami na Kambirij, Isaac Newton, kan haske da launuka. Newton ya fara ne da yadda ya samo wani gilashi mai kusurwa uku a 1666, ya rufe ɗakinsa ya yi duhu, ya huda 'yar ƙofa a murfin taga don hasken rana ya shigo, ya ji daɗin kallon launukan da suka bazu a bango, sannan ya lura cewa siffar hasken ta yi tsawo maimakon ta zama da'ira. Daga wannan mamaki ya ja mai karatu har zuwa hujjarsa, cewa farin haske gaurayen launuka ne. Wasiƙar ta jawo masa suka daga Hooke da wasu masana na ƙasashen Turai, aka yi shekaru ana mayar da martani a shafukan mujallar. Abin ya ɓata wa Newton rai ƙwarai. Littafinsa kan haske bai fito ba sai 1704, shekara guda bayan mutuwar Hooke, kuma a ciki ya jera ma'anoni da ƙudurori da gwaje-gwaje cikin tsarin da ya toshe wa mai musu ƙofa. Masanin tarihin rubutu Charles Bazerman ya nuna a littafinsa na 1988 cewa irin wannan ja-in-ja ce ta koya wa masu bincike su riƙa hango suka tun kafin ta zo, su amsa ta a cikin maƙalar kanta.

Kusan shekara 90 mujallar tana hannun sakatarorin ƙungiyar, kowa da son ransa. Sai wani marubuci mai kaifin harshe, John Hill, ya fitar da littafi a 1751 yana tsintar shirmen da aka taɓa bugawa yana yi wa ƙungiyar dariya. A 1752 ƙungiyar ta karɓi ragamar mujallar, ta kafa kwamitin da zai riƙa jefa ƙuri'a kan kowace maƙala. Rubutaccen rahoton masu tantancewa ya zo ne bayan shawarar William Whewell a 1831, kuma tun gwajin farko aka ga abin da ke tafe. An ba Whewell da John Lubbock maƙalar George Airy kan tafiyar duniya da tauraruwar Zara, suka kasa daidaitawa kan darajarta, suka yi ta kai-komo. Niyyar Whewell a riƙa buga rahotannin a fili da sunan mai su. Cikin 'yan shekaru suka koma sirri, mai tantancewa ya zama marar suna, kamar yadda yake a yawancin mujallu har yau.

Ambaton madogara, wanda shi ne ya fi ba ɗalibai ciwon kai, ya daɗe babu ƙa'ida. Wani ya ce kamar yadda shehin malami wane ya faɗa, ya wuce. Wani ya sa tauraro ko 'yar alamar wuƙa, ya cusa rabin sunan littafi a ƙasan shafi. Almajirin da ya karanci hadisi ba baƙo ba ne ga dalilin gyara wannan, domin ya san darajar magana tana rataye da isnadinta, kuma isnadin da ba a iya bin sa mutum bayan mutum bai cika ba. A 1881 wani masanin dabbobi na Jami'ar Harvard, Edward Laurens Mark, ya buga dogon nazari kan yadda ƙwan wani irin dodon koɗi marar ɓawo ke girma. A cikinsa ya riƙa sa sunan marubuci da shekarar aiki a tsakiyar rubutu, ya tara cikakken bayanin ayyukan a ƙarshe bisa jerin haruffa. Ɗalibansa suka ɗauka suka yaɗa. Shi ne tsarin da ake kira na Harvard, ko da yake jami'ar ba ta taɓa kafa shi a matsayin dokarta ba.

Yaɗuwar ta ɗauki lokaci. A 1905 mujallar Annalen der Physik ta Jamus ta buga maƙalar Albert Einstein wadda ta sauya fahimtar lokaci da sarari, mai kimanin shafi 30, ba tare da jerin manazarta ko ɗaya ba. Abin da ke ƙarshenta godiya ce ga abokinsa Michele Besso. Editan yau da ya ga irin wannan zai mayar wa mai ita kafin ya gama shan shayinsa.

Littattafan ƙa'ida sun fito ne daga wajen masu ɗab'i da editocin da gyara ya ishe su. Maɗaba'ar Jami'ar Chicago ta buga nata a 1906, mai shafi kusan 200, wanda ya samo asali daga 'yar takardar da masu jera haruffa da masu duba kurakurai suka tsara wa kansu don hannun malamai ya dame su. A 1929 mujallar Psychological Bulletin ta buga umarni mai shafi 7 kan yadda za a shirya rubutu kafin a aiko, bayan wani zama da masana halayyar ɗan Adam da na al'adu da manajojin mujallu suka yi a Amurka. Shafuka bakwai ɗin nan su ne kakan tsarin APA da sassa da yawa na jami'o'in Nijeriya ke tilasta wa masu rubuta kundi. Ya zama littafi a 1952, bugu na 7 da ya fito a 2019 kuwa ya haura shafi 400. Sauran ƙa'idoji daga fannoni suka shigo: sunan kowace halitta kalma biyu na Latin cikin rubutun tsutsa, bisa tsarin da Linnaeus ya kafa wa tsirrai a 1753, ma'auni kuma da mita da kilogiram da daƙiƙa bisa tsarin duniya da aka amince da shi a 1960.

Tantancewar da yau ake ɗauka ita ce ruhin mujallar kimiyya, ba ta game ko'ina ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. A 1936 Einstein, yana zaune a Amurka, shi da mataimakinsa Nathan Rosen suka aika wa Physical Review maƙalar da ke cewa taguwar ƙarfin nauyi, wadda nazariyyarsa ta yi hasashe, babu ita. Edita John Tate ya tura wa wani masani, ya dawo da sharhi mai shafi 10 yana nuna kuskure. Einstein ya fusata. Ya rubuta wa Tate cewa shi bugawa ya aiko a yi, bai ba da izinin a nuna wa kowa ba, ya janye maƙalar. Mai sharhin, wanda daga baya aka tabbatar Howard Robertson ne, shi ke da gaskiya. Ya bi ta hannun wani mataimakin Einstein ya nuna inda lissafin ya karkace, kuma da maƙalar ta fito a wata mujalla a 1937, hukuncinta ya juye. A Fabrairun 2016 aka sanar da cewa na'urorin LIGO sun kama wannan taguwa, aka buga labarin a Physical Review Letters, ƙanwar mujallar da Einstein ya yi wa fushi, da sunayen marubuta sama da 1,000.

Mujallar Nature, wadda Norman Lockyer ya kafa a 1869, ita ma ta daɗe tana jan ƙafa. Ranar 25 ga Afrilu 1953 ta buga maƙalar James Watson da Francis Crick kan siffar DNA: shafi guda da ɗan ɗori, kalma kimanin 900, manazarta 6, zane guda na igiya biyu da suka murɗe juna, wanda Odile, matar Crick, ta zana. Ba a tura wa mai tantancewa na waje ba. Ana yawan yabon gajartarta, kuma ta cancanci yabo. Sai dai gajartar ta rufe wani abu. Ma'aunan da Rosalind Franklin ta samo da hoton haskenta a King's College na Landan sun taimaka wa mutanen biyu ƙwarai, kuma sun gan su ba da saninta ba. Abin da ta samu a maƙalar shi ne ambato a jimlar godiya, mai nuna kamar sun san aikinta ne sama-sama. Tata maƙalar, tare da Raymond Gosling, ita ce ta uku a jere a wannan fitowa, sai ta zama kamar mai gaskata abin da wasu suka riga suka gano. Inda aka ajiye suna a maƙala, a sama ko a godiya ko a manazarta, hukunci ne kan haƙƙin mutum, kuma a nan an tauye mata. Sai a 1973, zamanin edita David Davies, Nature ta mayar da tantancewar waje wajibi ga kowace maƙalar bincike.

Bayan yaƙin duniya na biyu kuɗin gwamnatoci ya kwararo cikin bincike, musamman bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957. Maƙalu suka yi ambaliya, shafi ya yi tsada, likita ko injiniya ba shi da lokacin karanta labari daga farko har ƙarshe. Yana so ya san inda zai sa yatsa ya sami adadin majinyata, inda zai sami jadawalin sakamako. Daga nan tsarin gaɓa huɗu da ake taƙaita sunansa da IMRaD ya yi rinjaye. Austin Bradford Hill, masanin ƙididdigar da ya tsara gwajin maganin tarin fuka na streptomycin da aka buga a 1948, ya bayyana shi a 1965 da tambayoyi huɗu da kowane marubuci zai amsa: dalilin da ya sa ya fara, abin da ya yi, abin da ya samu, da ma'anar abin da ya samu. A 1972 hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta sa tsarin a rubuce. Wasu masu bincike biyu 'yan Birazil, Luciana Sollaci da Mauricio Pereira, sun duba manyan mujallun likitanci huɗu na Ingila da Amurka daga 1935 zuwa 1985. Sun tarar tsarin ya fara leƙowa a shekarun 1940, ya kai kashi 80 cikin 100 a shekarun 1970, a shekarun 1980 kuwa shi kaɗai ya rage. Abin da ake koya wa ɗalibi kamar tun fil azal yake, bai girmi kakansa ba.

Tun yana sabo aka fara sukarsa. A 1963 Peter Medawar, wanda ya sami kyautar Nobel a 1960, ya yi jawabi a rediyon BBC yana tambaya ko maƙalar kimiyya yaudara ce. Ba ƙaryar sakamako yake nufi ba. Cewa ya yi tsarin yana ɓoye yadda tunani ke gudana, yana nuna kamar mai bincike ya tara bayanai da zuciya fayau, sai a ƙarshe ma'ana ta faɗo masa, alhali da zato ya fara, ya yi ɓatan kai, ya koma baya. Medawar ya faɗi gaskiya, kuma salon an auna, an tace, an lura, wanda ke ɓatar da mai aikin daga aikinsa, ya ƙara wa hoton sanyi. Amma an gina tsarin ne saboda mai son ya binciki da'awa, shi kuwa raba abin da aka gani da abin da ake zato shi ne babban abin da yake nema. Mai karatu yana iya karɓar jadawalin sakamako ya yi watsi da fassarar marubuci, kuma wannan 'yanci ne da wasiƙar Newton ba ta ba masu karatunta cikin sauƙi ba.

Zancen waƙafi da aya kuwa, wata sakatariya ce ta tayar da shi. A ƙarshen shekarun 1960, matar, wadda ke buga wa wani likitan ƙoda rubuce-rubucensa a Jami'ar Washington da ke Seattle, ta gaji. Duk lokacin da wata mujalla ta ƙi maƙala, sai ta sake buga jerin manazarta kaf da tafireta, domin mujalla ta gaba tana son shekara a ƙarshe ba a tsakiya ba, ko tana son aya bayan harafin suna. Ta rubuta wa editoci tana tambayar dalilin da ya hana su daidaita. Wasu suka ji kunya suka fara haɗa kai. A 1978 editocin wasu mujallun likitanci, cikinsu har da Edward Huth na Annals of Internal Medicine da Stephen Lock na British Medical Journal, suka zauna a Vancouver ta Kanada, suka amince da tsari guda: a sa lamba a cikin rubutu, a jera manazarta bisa yadda suka zo. An buga ƙa'idojin a 1979, zaman kuma ya zama kwamitin dindindin da ake kira ICMJE.

Kwamitin da aka kafa don aya da waƙafi, cikin 'yan shekaru ya tsinci kansa yana shari'ar amana. A 1981 aka kama wani matashin mai binciken cututtukan zuciya a Harvard, John Darsee, yana ƙirƙirar alƙaluma, aka kuma gano cewa manyan malamai da sunansu ke kan maƙalunsa ba su san abin da ke cikinsu ba. A 1985 kwamitin ya fitar da sharuɗɗan zama marubuci, waɗanda suka ce shugabancin sashe ko samo kuɗi kaɗai ba ya sa a rubuta sunan mutum. Tsakure mai kanun gaɓoɓi ya zo a 1987. A 1996 aka fitar da ƙa'idar CONSORT, wadda ta wajabta zanen da ke nuna majinyata nawa aka ɗauka, nawa suka fice, da dalilin ficewarsu, domin a nan ne ake ɓoye waɗanda magani bai karɓa ba. Daga 2005 manyan mujallun suka daina karɓar gwajin maganin da ba a yi wa rajista a fili ba tun kafin a fara shi.

Akwai kuma jimla guda da ke cewa kwamitin ɗa'a ya amince da binciken, waɗanda aka yi gwajin a kansu kuma sun yarda da saninsu. Ta samo ƙarfi daga sanarwar Helsinki ta ƙungiyar likitocin duniya ta 1964, wadda gyaranta na 1975 ya ce kada a buga binciken da ya saɓa mata. Kanawa sun san nauyin wannan jimla. Shari'ar da ta biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, a kan waɗannan abubuwa biyu ta fi tsayawa: shin iyaye sun san gwaji ake yi, kuma shin an sami sahihin izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara? Kamfanin ya musanta aikata laifi, aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

Kwamfuta ta zo da nata sauyin. Eugene Garfield ya kawo shawara a 1955 cewa a riƙa tara bayanan wa ya ambaci wa, ya fara fitar da kundin Science Citation Index a 1964. Daga ranar jerin manazarta ya zama abin ƙirgawa, ƙirgen kuma ya zama ma'aunin ƙarin girma a jami'a da rabon kuɗin bincike. Na'ura ba ta san uzuri ba, harafi guda ya kauce sai ambaton ya ɓata. Wannan ya sa aka fara ba kowace maƙala lambarta ta DOI a 2000, kowane marubuci kuma lambar ORCID mai gurbi 16 daga 2012. Ta biyun ta shafi masu bincike Hausawa kai tsaye, domin tsarin sunan iyali da harafin sunan yanka ba don su aka yanka shi ba. A ɗauka malami sunansa Aminu, mahaifinsa Garba, garinsu Ringim. Wata mujalla za ta jera shi a ƙarƙashin Ringim, wata a Garba, wata a Aminu, aikin mutum guda ya rabu uku, kwamitin ƙarin girma ya ga sulusi. Matar da ta sauya suna bayan aure nata ya fi haka rikicewa. Yawan marubuta ma ya kai inda Oldenburg bai taɓa mafarki ba: wata maƙala ta 2015 kan nauyin ƙwayar Higgs tana da suna 5,154, shafi 9 na bincike da manazarta, shafi 24 na sunaye da cibiyoyi.

Ba duk ƙa'idojin nan ne darajarsu ɗaya ba, kuma tarihin kansa ya rarrabe su. Lokacin da mujallu suka riƙa matse sashen hanyar bincike don tsimin shafi, suna tura shi ƙarshe da ƙananan haruffa, an ga abin da ya biyo baya. A 2012 masu bincike na kamfanin Amgen suka ba da rahoton cewa daga cikin fitattun bincike 53 kan cutar daji da suka yi ƙoƙarin maimaitawa, 6 kawai suka tabbata. A 2013 Nature ta cire iyakar tsawon wannan sashe, ta koma ga abin da Boyle ya yi shekara 350 da suka wuce. Kukan sakatariyar Seattle kuwa har yau ba a share shi duka ba, domin salon jera manazarta da ke cikin manhajoji irin su Zotero ya kai dubbai. Wani nazari da aka buga a PLOS ONE a 2019 ya ƙiyasta cewa mai bincike yana ɓatar da awa 52 a shekara wajen sake wa rubutu fasali kawai. Mujallu da dama yanzu suna karɓar maƙala a kowane fasali a karon farko, sai an amince da ita a gyara.

Editocin mujallun jami'o'inmu da malamai masu duba kundi ya kamata su bi wannan sawu. Ana iya shafe zaman kare kundi ana gardama kan faɗin gefen takarda da wurin zaman waƙafi, ba wanda ya tambayi ɗalibi yadda ya zaɓi gonakin da ya ɗebi ƙasarsu, ko mutum nawa suka ƙi amsa tambayoyinsa, ko ya karanta littafin da ya ambata da idonsa. Manhajar kyauta tana jera manazarta cikin daƙiƙa. Lokacin malami ya tafi ga sashen hanyar bincike da jadawalin sakamako, a kuma sa kowane ɗalibin digiri na biyu ya buɗe lambar ORCID kafin ya aika maƙalarsa ta farko.